Sharhi: Wane irin shugaba cibiyar ƙere-ƙeren zamani ke buƙata a Kaduna?

Wanda ya tashi daga Badarawa cikin garin Kaduna, ba zai yi doguwar tafiya ba zai isa tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA, ko Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama wato AFIT, ko Jami'ar Jihar Kaduna da ke titin Tafawa Balewa. Idan ya ƙara gaba kaɗan zai tarar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, ga kasuwar Panteka a maƙwabtanta. Idan ya haye kogi zuwa Kakuri, ga masana'antar ƙera makamai ta DICON, ga tsohon kamfanin harhaɗa motocin Peugeot, ga kuma kangon masaƙu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tafiyar kusan sa'a guda ce.

Garuruwan Najeriya ƙalilan ne suka tara injiniyoyi da maƙera da masana'antu kusa da juna haka. Duk da wannan, mai injin niƙa a Badarawa ko Kwaru ko Malali, idan wani ƙaramin ƙarfe ya karye a injinsa, zaɓinsa biyu ne: ya jira ɗan kasuwa ya kawo daga Legas ko Sin, ko ya kai wa mai walda ya liƙa masa, ya yi mako biyu ya sake karyewa. Bai taɓa tunanin jami'a na da abin da za ta yi masa ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Yanzu da gwamnatoci suka koma maganar koyar da sana'a da ƙera kaya a gida, ana sa ran kuɗi za su shiga gine-gine da injuna a manyan makarantu. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne mutumin da za a damƙa wa makullin. Tarihin irin waɗannan cibiyoyi a duniya ya nuna cewa shugabanci da tsarin gudanarwa su ke raba cibiyar da ke aiki da wadda ake buɗewa ranar da baƙi za su zo kawai.

Mece ce ƙira ta dijital?

A taƙaice, ita ce ƙera abu ta hanyar zana shi a kwamfuta, sannan kwamfutar ta ba inji umarnin yadda zai yanka ko ya sassaƙa ko ya gina shi.

Matakin farko zane ne. Injiniya zai zana abin da ake so da awonsa daidai, ko ya ɗauki tsohon da ya karye ya haska shi da na'urar ɗaukar siffa, ta mayar da shi zane a kwamfuta. Mataki na biyu gwaji ne a cikin kwamfutar: ina ƙarfen zai fi shan nauyi, ina zai fi zafi, ina zai fara tsagewa. Mataki na uku shi ne ƙerawa. A nan ake amfani da injunan sassaƙa ƙarfe masu bin umarnin kwamfuta, waɗanda masu sana'a ke kira CNC, ko injunan yanka faranti da hasken laser, ko firintar 3D wadda ke gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa da roba ko garin ƙarfe. Mataki na ƙarshe awo ne, don tabbatar da cewa abin da ya fito ya yi daidai da zanen.

Amfanin wannan ga gari irin Kaduna a fili yake. Tsohuwar hanyar masana'anta tana buƙatar a ƙera dubbai kafin a ci riba, saboda tsadar haɗa mazubi. Sabuwar hanyar tana ba da damar a ƙera guda goma ko ashirin, kowanne daidai da ɗan'uwansa, gobe kuma a canza zane a ƙera wani abu daban a kan injin nan guda. Ƙasar da ke cike da tsofaffin injunan da kamfanonin da suka yi su sun daina sayar da kayan gyaransu, ita ta fi kowa buƙatar wannan.

Abin da Kaduna ta gada

Kaduna ba baƙuwar masana'antu ba ce. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Wasu masaƙun suka biyo baya, irin su Arewa Textiles da UNTL. An kafa DICON a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta zo a 1980. Ita ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta samo asali ne tun 1956 a matsayin makarantar koyon fasaha, kafin ta ɗauki sunanta na yanzu a 1968. Hedikwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, a Kaduna take.

Kowa ya san yadda labarin ya ƙare. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran ma suka bi sahu. Rashin wutar lantarki, fasa-ƙwaurin atamfa, tsofaffin injuna da tsadar man da ake ƙonawa a tukunyar masana'anta duk sun taka rawa. Amma akwai wani abu da ba a cika ambata ba: masana'antun nan sun rayu shekaru suna dogara da ƙasashen waje wajen injuna da kayan gyara da zane, ba tare da wata cibiyar bincike ta gida da ke zaune a kan matsalolinsu ba. Da canjin kuɗi ya yi tsada, sai aka rasa na kira.

Ragowar ƙwarewar ba ta mutu ba. Ta watsu ne cikin Panteka da garejoji da shagunan walda na unguwanni, inda ake ƙera ƙofofi da tankuna da injunan markaɗe da na sussukar masara da tukwanen zubi. A lokacin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabantar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kafin ya koma shugabancin NBTE a 2021, an ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka domin a riƙa tantance ƙwarewar yaran da ke koyo a can, a ba su takardar shaida ta ƙasa. Gwamnatin Sanata Uba Sani ta ɗauki batun gyara kasuwar, ta kuma gina cibiyoyin koyon sana'a a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. A ɓangaren tsaro, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar DICON a watan Nuwamban 2023, wadda ta faɗaɗa damar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. A 2022 kuma kamfanin Dangote da Peugeot suka fara harhaɗa motoci a sabuwar masana'antarsu da ke wajen gari.

Duk waɗannan suna buƙatar wanda zai iya ƙera musu ƙananan sassa bisa awo, a kan lokaci. Wannan gurbin ne cibiyar jami'a ya kamata ta cike.

Samfuri daban, kayan kasuwa daban

Makarantun wannan yanki sun sha nuna cewa suna iya ƙira. A watan Disambar 2013 aka ƙaddamar da jirgi mara matuƙi mai suna Gulma a Kaduna, aikin injiniyoyin sojin sama. A watan Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal. A 2020, lokacin annobar korona, sojin sama da Jami'ar Ahmadu Bello suka nuna na'urar taimakon numfashi da suka haɗa, DICON ma ta fito da tata. Ɗaliban Zariya sun ƙera ƙaramar mota sun shiga gasar da kamfanin Shell ke shiryawa ta motoci masu tsimin mai.

Waɗannan abin alfahari ne. Sai dai ƙera guda ɗaya da zai yi aiki a gaban kyamara shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne ƙera ɗari biyar, kowanne daidai da ɗan'uwansa, a farashin da mai saye zai iya biya, da takardar amincewar hukumar kula da ingancin kaya ta SON, da kayan gyara, da wanda za a kira idan ya lalace. Masana harkar ƙirƙira suna kiran wannan tazara kwarin mutuwa, domin a nan yawancin samfura ke ƙarewa. Kuɗin bincike yana ƙarewa da zarar an rubuta rahoto, banki kuma ba ya ba da rance sai ya ga ciniki. Tsakanin nan babu mai ɗaukar nauyi.

Cibiyar ƙere-ƙere da haɗin gwiwa da masana'antu an ƙirƙiro ta ne domin ta zauna a wannan kwarin. Shugabanta kuwa shi ne mutumin da dole ya iya magana da yaren malaman jami'a da safe, ya iya yaren mai masana'anta da rana.

Yadda wasu suka yi

Misalin da aka fi ambata shi ne na garin Sheffield a Ingila, garin da ya taɓa yin suna a ƙarfe, sannan masana'antunsa suka durƙushe kamar na Kakuri. A 2001 Farfesa Keith Ridgway na jami'ar garin da wani ɗan kasuwa, Adrian Allen, suka shawo kan kamfanin Boeing mai ƙera jiragen sama ya shiga cikin kafa cibiyar binciken ƙere-ƙere da ake kira AMRC. An gina ta a filin tsohuwar masana'antar gawayi ta Orgreave. Kamfanoni suna biyan kuɗin zama mambobi kowace shekara, suna da bakin magana a kan binciken da za a yi. Cibiyar ta buɗe makarantar horar da masu koyon sana'a a 2013. A 2018 Boeing ya buɗe masana'antarsa ta farko a Turai a yankin. Abin lura shi ne mutum biyu suka kafa ta, malami da ɗan kasuwa, kuma sun samu mai saye kafin su samu gini.

A Jamus akwai ƙungiyar Fraunhofer da aka kafa a 1949, mai cibiyoyi sama da 70. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin bincikenta gwamnati ke bayarwa kai tsaye, sauran sai cibiya ta nemo ta hanyar kwangilar bincike daga kamfanoni da hukumomi. Kason gwamnatin ma yana da alaƙa da yawan abin da cibiya ta samo daga masana'antu. Shugaban kowace cibiya galibi farfesa ne a jami'ar da ke kusa, don haka ɗalibansa suna yin digirinsu a kan matsalar da wani kamfani ya biya a warware.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Kumasi a Ghana. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta kafa cibiyar ba da shawarar fasaha a 1972. A 1980 ta yi abin da jami'o'i ba su saba ba: ta ɗauki injuna ta kai su cikin Suame Magazine, babbar unguwar makanikai da maƙera ta garin, ta buɗe wurin aiki a tsakiyarsu. Masu sana'a suka koyi sabbin hanyoyin sassaƙa da zubin ƙarfe a inda suke neman abinci, ba sai sun bi ta ƙofar jami'a mai gadi ya tare su ba. Suame da Panteka 'yan uwan juna ne, kuma darasin bai tsufa ba ko da injunan yau kwamfuta ke tuƙa su.

Duwatsu biyar a kan hanyar shugaba

Na farko wuta ce. Injin CNC ba ya jure ɗauke-ɗauken wuta. Idan ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ƙarfen da ake sassaƙawa kan lalace, wani lokaci har da bakin injin. Firintar 3D kan kwana tana aiki a kan abu guda. A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wutar rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane kilowat a sa'a, jami'o'i da dama suka koka cewa ba za su iya biya ba. A watan Oktoban wannan shekarar yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Shugaban da ya karɓi injuna ba tare da nasa tsarin sola da batir da janareta da na'urar daidaita wuta a cikin kasafin ba, ya karɓi kayan ado ne. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka fara a 2020, zai iya sauya lissafi nan gaba, amma ba a gina cibiya a kan alƙawari.

Na biyu kuɗin gudanarwa ne. Asusun TETFund, wanda ya fi kowa gina jami'o'i da kwalejoji, an san shi da gine-gine da sayen kayan aiki da tura malamai karatu. Amma inji yana ci kullum: bakunan yanka suna dakushewa, man sanyaya ƙarfe yana ƙarewa, lasisin manhajar zane ana sabunta shi da dala. A farkon watan Yunin 2023 dala tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura Naira 1,500. Ga kuma dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da matakan amincewa na cikin jami'a, waɗanda aka tsara don hana sata, ba don saurin kasuwanci ba. Mai masana'antar da injinsa ya tsaya ba zai jira kwamiti ya zauna ba. Aikin shugaba na farko shi ne ya samu amincewar majalisar gudanarwar makarantarsa a kan wani asusu na juyawa, mai iyaka, wanda ake bincika a kai a kai, domin kuɗin da cibiya ta samu su koma cikinta.

Na uku ma'aikata ne. Ƙarin girman malamin jami'a a Najeriya ya rataya ne a kan maƙalun da ya wallafa. Wanda ya shafe wata shida yana gyara layin aikin wata masana'antar shinkafa zai iya fitowa ba shi da abin da zai sa a fayil ɗinsa. Muddin ba a lissafa aikin masana'anta da rajistar ƙirƙira a wajen ƙarin girma ba, haziƙan matasa za su guje wa cibiyar. Sannan wanda ke riƙe da inji a zahiri shi ne ƙwararren ma'aikacin fasaha, sau da yawa mai takardar HND, wanda tsarin aiki ya daɗe yana mayar da shi baya. Da zarar ya ƙware a CNC, kamfanoni a Legas ko ƙasashen Larabawa za su yi masa tayin da jami'a ba za ta iya yi ba. Shugaba mai hangen nesa zai horar da uku a inda ake buƙatar ɗaya, ya kuma ware musu kaso daga kuɗin kwangila.

Na huɗu mallakar fasaha ce. Idan kamfani ya biya, malami ya zana, ɗalibi ya gwada, wa ke da zanen? A Amurka, dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, lamarin da ya buɗe ƙofar sayar da lasisi ga kamfanoni. A Najeriya hukumar NOTAP ta taimaka wajen buɗe ofisoshin kula da mallakar fasaha a manyan makarantu da dama. Amma ofis ba ya maye gurbin yarjejeniya a rubuce kafin a fara aiki. Ɗan kasuwa ba zai kawo sirrin sana'arsa ba idan yana tsoron gobe ya gan shi a kundin digirin wani.

Na biyar yajin aiki ne. A 2020 malaman jami'o'i sun yi kusan wata tara a gida, a 2022 suka yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ko mutum yana goyon bayan ASUU ko ba ya yi, dole ya yarda cewa kamfanin da aka riƙe wa aiki wata takwas ba zai dawo ba. Wannan magana ce da ya kamata shugaba ya zauna da reshen ƙungiya a kanta tun kafin rikici ya taso, a fahimci juna kan yadda za a kammala aikin da aka riga aka karɓi kuɗinsa.

Wa ya dace da kujerar?

Al'adar jami'o'inmu ita ce shugaban jami'a ya naɗa daraktan cibiya daga cikin manyan farfesoshi, na ɗan wa'adi, sau da yawa a matsayin sakayya ko daidaita siyasar cikin gida. Wannan na iya wucewa a cibiyar da aikinta shirya taro ne. A cibiyar ƙere-ƙere haɗari ne, domin amana da masu masana'antu tana ɗaukar shekaru kafin ta ginu, kuma da mutum ake ƙulla ta.

Akwai abubuwan da ya kamata a duba. Shin ya taɓa aiki a masana'anta, ko ya taɓa kai wani abu daga zane zuwa hannun mai saye? Shin ya san yadda ake fitar da farashin aiki, da kuɗin wuta da lalacewar inji a ciki? Shin zai iya zama a kan benci a Panteka ya saurari maƙerin da bai yi boko ba, ya yarda cewa akwai abin da mutumin ya fi shi sani a kan ƙarfe? Shin zai iya ce wa mai ba da tallafi ba ya buƙatar injin da ake son sayo masa, ga wanda ya fi buƙata?

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Firintar 3D mai aiki da garin ƙarfe tana da ban sha'awa a hoto, amma tana da tsada, garin da take ci daga waje ake kawo shi. Abin da masu sana'ar Kaduna suka fi buƙata yau shi ne sassaƙa mai daidaito, yankan faranti, gasa ƙarfe don ya yi ƙwari, gwajin ingancin ƙarfe, da awo. Ƙaramar firintar roba tana da amfani babba wajen yin samfurin da masu zubi za su yi mazubi da shi. Wanda ya san aiki zai fara da waɗannan.

Idan ba a samu mutum guda da ya haɗa duka ba, hanyar Sheffield a buɗe take: farfesa ya riƙe ɓangaren bincike, a ɗauko manaja daga masana'anta ya riƙe ciniki da aiki. A saman su a kafa kwamitin da masu masana'antu ke da rinjaye, da wakilin ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, da na 'yan kasuwa ta KADCCIMA, da na masu sana'ar Panteka. A ba su wa'adi mai ɗan tsawo, da sharaɗin sauke su idan ba a ga sakamako ba.

Abin da masu shakka ke cewa

Wasu malamai suna ganin wannan hanya za ta mayar da jami'a gareji, ta bar ainihin aikinta na zurfafa ilimi. Damuwar tana da tushe. Cibiyar da ta koma yin ƙofofi da tagogi don neman kuɗin shiga ta ɓata hanya, kuma ta shiga gasa da masu waldar da ya kamata ta ɗaga, alhali injunanta da kuɗin jama'a aka saya. Iyakar ita ce cibiya ta ɗauki aikin da kasuwa ba ta iya yi ba tukuna, ta warware shi, ta koyar, ta miƙa wa masu sana'a, ta matsa zuwa na gaba.

Wasu kuma suna tsoron injin kwamfuta zai raba matasa da aiki. A ƙasar da masana'antu ke cike da ma'aikata wannan tsoro ne na gaske. A Kaduna ta yau, yawancin sassan da ake magana a kai daga waje ake sayo su, don haka aikin da za a ƙwace na wata ƙasa ne. Sai dai gaskiya ne cewa wanda ya iya zane a kwamfuta zai fi cin moriya, shi ya sa horar da yaran shago ya zama wajibi a cikin aikin cibiya tun ranar farko, har da koyarwa da Hausa ga waɗanda Turanci zai tare wa hanya. Wannan ma wata ƙofa ce ga mata, domin zane da sarrafa inji ta kwamfuta ba ƙarfin damtse suke buƙata ba.

Shakka ta uku ita ce mafi nauyi: ina masana'antun da za su biya? Kaduna ba ta da Boeing. Amma tana da rundunonin soja masu motoci da jirage da ke buƙatar gyara, da jirgin ƙasa na Abuja, da kamfanonin abincin kaji da sarrafa hatsi, da asibitocin da ke da na'urori a ajiye saboda ƙaramin sashe guda, da dubban manoma masu injin ban-ruwa. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya buƙaci hukumomin gwamnati su fifita ƙwararru da kamfanonin gida a ayyukan kimiyya da injiniyanci. Idan hukuma guda ta yi alƙawarin sayen wasu ƙayyadaddun sassa na tsawon shekaru, bisa sharaɗin inganci, wannan ya isa cibiya ta tsaya da ƙafarta.

Da me za a auna?

Jama'a da 'yan majalisa da 'yan jarida suna da haƙƙin tambaya, domin kuɗin harajin kamfanoni ne ke gina waɗannan wurare. Yawan yarjejeniyoyin fahimtar juna da aka sa wa hannu a otal ba ma'auni ba ne. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Tambayoyin da za a yi wa kowane darakta a ƙarshen shekara ba su da yawa. Sa'o'i nawa kowane inji ya yi yana aiki? Kamfanoni da masu sana'a nawa suka biya kuɗi, nawa daga cikinsu suka sake dawowa? Kaso nawa na kuɗin gudanarwa cibiya ta samo da kanta? Sassa nawa da ake sayowa daga waje yanzu wani shago a Kaduna ke ƙera su da zanen cibiyar? Ɗalibai da yaran shago nawa suka samu aiki ko suka buɗe nasu? A liƙa amsoshin a shafin intanet na makarantar kowa ya gani.

Makarantun Kaduna da Zariya ba sai kowacce ta sayi irin injin da maƙwabciyarta ta saya ba. Hukumomin da ke ba da kuɗi za su iya gindaya sharaɗin a fitar da jerin injunan da ke akwai a AFIT da NDA da Kwalejin Kimiyya da Fasaha da Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello, da farashin amfani da kowanne, da lambar da mai sana'a zai kira. Sannan a buɗe ƙaramin wurin karɓar aiki a wajen katangar makaranta, a Panteka ko Kakuri, inda mutum zai shigo da karyayyen ƙarfe a hannu a faɗa masa farashi da ranar karɓa. Wannan ba ya buƙatar sabon gini. Yana buƙatar shugaban da aka zaɓa saboda ya iya aikin, aka ba shi ikon kashe kuɗin gudanarwa, aka kuma shaida masa tun ranar naɗi cewa da waɗancan tambayoyi biyar za a auna shi.